Kafintan Sin da Tawadar da Muke Ɓoyewa a Ƙarƙashin Gado



Wani dare a zangon da ya wuce, an ɗauke wuta kamar yadda aka saba, muna zaune a ɗakin kwana muna ƙona sauran datar da ta rage. Sai na ci karo da wani tsohon bidiyo na wani dattijo ɗan ƙasar Sin, da dogon farin gemu, yana riƙe da burushi a tsaye cak. Ya tsoma shi a tawada, ya ɗan taɓa ruwa, ya ja sau kaɗan a kan farar takarda, sai ga jatan lande kamar zai motsa. Na karanta sunansa a ƙasa: Qi Baishi. Wani daga cikinmu ya ce, "Wa? Ci Bashi? Ai wannan ɗan ajinmu ne!" Aka fashe da dariya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba. Abokin ɗakina ne, daga wani ƙauye na wajen Goronyo, kuma ba zan kama sunansa ba don kada ya kore ni daga ɗaki. Ya karɓi wayar, ya maimaita bidiyon har sau uku, sannan ya ce, "Wanga tsoho ya san tawada. Dubi inda ya sa ruwa da yawa da inda ya bar ta da kauri." Na ce masa kai kuma ina ka san wannan? Sai ya janyo akwatinsa daga ƙarƙashin gado, ya ɗaga tufafi, ya fito da wasu takardu. Wallahi na yi shekara guda ina kwana kusa da mutumin nan ban san hannunsa yana iya abin da na gani ba. Rubutun tsangaya ne mai kauri, baƙaƙe a miƙe kamar an auna da ma'auni, wasula da ja, ga zayyana a gefe. Na tambaye shi me ya sa yake ɓoyewa. Ya ce, "So kake a riƙa ce mini almajiri a aji?"

Wannan amsa ce ta sa na ɗauki biro. Ra'ayina shi ne, muna da fasahar tawada da ba ta gaza ta kowa ba, muna kallo tana mutuwa a gabashin Sakkwato, kuma ƙungiyar ɗalibai tana da abin da za ta iya yi a kai tun bana. Amma bari in fara ba ku labarin dattijon.

An haifi Qi Baishi a 1864 a yankin Xiangtan na lardin Hunan, a gidan manoma talakawa. Karatun da ya yi a makaranta bai cika shekara ɗaya ba. Jikinsa ba shi da ƙarfin noma, don haka aka kai shi koyon kafinta yana ɗan saurayi, daga baya ya koma sassaƙar ado a jikin katako, irin furannin da ake yi wa gadaje da ƙofofin masu hali. Yana da kimanin shekara 20 ya ga wani tsohon littafin koyon zane a gidan da ya je aiki. Ya roƙa aka ara masa, ya yi watanni yana kwafe shi shafi bayan shafi da hasken fitila, don ba shi da kuɗin sayen nasa. Sai da ya kusa shekara 30 kafin ya samu malaman da suka koya masa zane da waƙa da rubutu yadda ya kamata.

A 1917 sojoji da 'yan fashi suka addabi yankinsu, ya tsere zuwa Beijing, kuma daga 1919 ya zauna can gaba ɗaya. Mu 'yan gabashin Sakkwato ba sai an fassara mana wannan ba. Mutum ne ɗan shekara hamsin da 'yan kai, ɗan gudun hijira, yana kwana a ɗakin wani wurin bauta, yana sayar da zanensa da araha kuma ba a saye. Manyan masu zane na birni suna kallonsa a matsayin baƙauye kafinta. Wani mai zane mai suna Chen Shizeng ne ya lura da shi, ya ba shi shawarar ya daina bin salon magabata sau da ƙafa, ya fito da nasa. A 1922 Chen ya tafi da zanukansa baje koli a Tokyo, aka saye su da tsada, sai mutanen gida suka farga. A 1953 aka zaɓe shi shugaban ƙungiyar masu zane ta ƙasar Sin. Ya rasu a 1957. A watan Disamba 2017 aka yi gwanjon wasu zanukansa goma sha biyu na duwatsu da koguna a Beijing, aka saye su a kan yuan miliyan 931.5, wato wajen dala miliyan 140.

Na san inda idon wasunku ya tsaya: a kan dala miliyan 140. To, ku ɗan sauko. Shi kansa bai ga ko sisi daga cikinsu ba, shekara 60 da rasuwarsa aka yi cinikin. Abin da ya kamata mu duba shi ne abin da ya zana da kuma abin da ya zana da shi.

A zamaninsa guguwar zanen Turawa ta shigo Sin, matasa suna tafiya Faransa da Japan suna koyon fentin mai. Qi Baishi ya tsaya a kan kayan kakanninsa: burushin gashin dabba, takarda mai shan ruwa, da tawada. Tawadar tasu kuwa baƙin hayaƙi ce da ake haɗawa da danƙo a busar, in za a yi aiki a goga a kan dutse da ruwa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya ji wannan zai ce ai tamu ce, don mu ma gawayi ko baƙin tukunya muke haɗawa da ƙaro.

Abin da yake zanawa kuma shi ne abin da ya tashi yana gani a ƙauye: kabeji, kwaɗi, ƙaguwa, 'yan tsaki, ɓera kusa da fitila, har manjagarar tara ciyawa. Masu ilimin lokacin suna ganin waɗannan ba su kai a ɓata musu takarda mai tsada ba. Jatan landen da ya yi suna da su, a cikin kwano yake ajiye su a kan teburinsa yana kallo, shekara da shekaru, yana rage layukan da ba dole ba har ya kai ga 'yan ja kaɗan sun wadatar. Kuma bai taɓa ɓoye asalinsa ba. Cikin hatiman da yake buga wa zanensa akwai waɗanda ke nuna cewa shi kafinta ne. Abin da ake yi masa gori da shi, da shi yake sa hannu.

Yanzu mu dawo gida. A Wurno Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi ribaɗi, a nan ya rasu a 1837, a nan hubbarensa yake. Bello ya bar littattafai masu yawa a kan fiƙihu da mulki da tarihi da magani, ciki har da Infaƙul Maisuri na 1812. Babu ɗaya daga cikinsu da ya fito daga injin buga littafi a lokacin. Kowane kwafi wani ne ya zauna ya fere alƙalamin kara, ya dama tawada, ya rubuta, a kan takardar da ta ƙetaro hamada daga Italiya da tambarin jinjirin wata uku a jikinta. Haka waƙoƙin Nana Asma'u suka isa ga mata a ƙauyuka. Da Baturen nan Clapperton ya zo Sakkwato a 1824, ya koma da taswirar ƙasashen nan da aka zana a fadar Bello, aka buga ta a Landan a 1826. Rabah kuma, inda aka haifi Sardauna Ahmadu Bello, allo ne farkon abin da ya riƙe kafin ya ga bencin makarantar boko. Ƙasar nan ƙasar tawada ce tun kafin a haifi Qi Baishi.

Kuma aikin ba wasa ba ne. A hutun da ya wuce na je wurin wani tsohon alaramma a unguwarmu na ce ya nuna mini yadda ake haɗa tawada. Ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ɗana, mi za ka yi da ita, kai da kaka boko?" Na ce, "Allah gafarta Malam, so nike in sani." Sai ya yi mini bayani cewa iri biyu ce. Ta allo, gawayi da ƙaro, an yi ta ne don ta wanku, tunda gobe za a sake rubutu. Ta takarda kuwa, 'ya'yan bagaruwa ake jiƙawa da kashin maƙera, a tace, a sa ƙaro, kuma ita kama takarda take yi ba ta saki. Ku 'yan kimiyyar ɗakin gwaji kun gane abin da ke faruwa a nan: sinadarin da ke cikin bagaruwa, wanda majema ke jeme fatar jar akuyar Sakkwato da shi, shi ne ke haɗuwa da ƙarfe ya ba da baƙi. Irin wannan haɗi ne Turawa suka yi ɗaruruwan shekaru suna rubutu da shi. Tsohon nan bai taɓa shiga ajin kemistiri ba, amma da ido yake gane in ƙarfe ya yi yawa, don ya ce in ya yi yawa tawadar cin takarda take yi.

Ku ɗauki shafi ɗaya na Alƙur'ani rubutun hannu ku duba da kyau. Baƙaƙe da baƙi, wasula da ja, hamza ɗigon rawaya, alifin sadarwa da kore. A gefe ga alamomin hizifi da sumuni da wurin sujada, kowanne da siffarsa, da'ira cikin da'ira, murabba'i cikin murabba'i. Ga zayyanar da ake yi a farko da inda aka raba rubu'i. Mai rubutun nan sau da yawa da ka yake yi, ba ya duba wani kwafi, kuma ba shi da abin gogewa. Inda alƙalami ya sauka, nan ya sauka. Wannan ƙa'ida ɗaya ce da ta Qi Baishi, don takardarsa ma ba ta karɓar gyara. Marigayi Sharif Bala Gabari na Kano ya kai matsayin da aka ɗauki hoton rubutunsa aka buga da inji, ya bazu a kasuwannin Arewa, har da yawa daga cikinmu da hannunsa muka yi karatu ba mu san sunansa ba. Ga kuma allon zayyana da ake yi wa yaro ranar sauka, wanda shi kaɗai zane ne cikakke.

To me ke faruwa da wannan gado a yau? Ambaliyar watan Satumba 2010 ta ci gidajen ƙasa a Goronyo da Wurno da Rabah, kuma duk gafakar da ruwa ya shiga ta tafi. Bayan ruwa sai bindiga. Hare-haren da aka kai yankin Gandi a Rabah a 2018, da na kasuwar Goronyo a watan Oktoba 2021, kaɗan ne daga cikin abin da muka gani. Mutumin da ke gudu da dare da 'ya'yansa a hannu ba ya tsayawa ɗaukar takardun kakansa, kuma babu mai zarginsa. Abin da ya tsira daga waɗannan, gara tana jiransa. Sannan ga bugun inji mai araha, ga waya, mai rubutun hannu ya rasa masu saye, ɗansa ya ga babu ci a sana'ar ya tafi acaba. Na ƙarshe kuma shi ne namu laifin, mu 'yan boko: mun mai da kalmar almajiri zagi, har wanda ya iya ya koma ɓoyewa a ƙarƙashin gado.

Na san akwai masu ja da ni, kuma maganganunsu suna da nauyi.

Na farko zai ce, kai malam, mutumin nan masu rai yake zanawa, kana so ka jefa mu cikin haramun. Ni ba mai fatawa ba ne, kuma ban ce kowa ya zana kwaɗo ba. Amma a Buhari da Muslim akwai labarin mai sana'ar zane da ya je wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya gargaɗe shi a kan masu rai, ya nuna masa itatuwa da abin da ba shi da rai. Wannan fili ne mai faɗi ƙwarai. Zanukan Qi Baishi da suka fi kowanne tsada ma duwatsu ne da ruwa da bishiyoyi. Wa ya taɓa zana fadamar Wurno lokacin dashen albasa da tawada? Wa ya zana jiragen masunta a bakin madatsar Goronyo da asuba, ko damin tafarnuwa, ko giginya, ko rumbu, ko tsohuwar ganuwa? Duk suna nan suna jira. A Sin ɗin ma akwai Musulmi masu rubuta Larabci da burushi a salon ƙasarsu, kamar Haji Noor Deen, wanda ya yi karatun rubutu a Masar kuma ake gayyatarsa ƙasashe yana koyarwa.

Na biyu zai ce rubutun Alƙur'ani ibada ce, kada a mai da shi kayan ado a rataye inda ake kiɗa. Wannan na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Shi ya sa duk abin da za a yi sai da alarammomi a gaba, su za su faɗi abin da ya halatta a nuna da yadda za a riƙe shi. Amma hannun da ya iya rubuta aya ya iya rubuta karin magana da ajami, ya iya rubuta sunan mutum, ya iya zayyana zalla wadda ba harafi a ciki. Ibrahim El-Salahi na Sudan ɗan malamin allo ne, an haife shi a Omdurman a 1930. Ya je Landan ya koyi zanen Turawa, ya dawo gida ya tarar zanen nasa bai taɓa zuciyar mutanensa ba. Sai ya koma ga siffofin baƙaƙen da ya taso yana gani a allunan gidansu, ya gina salonsa a kai. A 2013 gidan zane na Tate Modern da ke Landan ya shirya baje kolin aikinsa na tsawon rayuwa.

Na uku shi ne wanda na fi ji a harabar makaranta: ana fama da kuɗin makaranta da garin kwaki, kai kana zancen tawada? Gaskiya ne, kuma ba zan yi muku ƙaryar cewa kowa zai zama miloniya ba. Amma ku duba kuɗin da ke fita daga aljihunmu a kan katin biki, da tambarin shago, da rigunan kammala karatu, da firem ɗin da ake rataye a falo. Kusan duk zanen da ke jikinsu daga intanet aka sauke, rubutun Larabcin ma salon Masar ne ko na Turkiyya. Akwai salon rubutun kwamfuta mai suna Alkalami wanda aka gina a kan hannun marubutan Kano, kuma wata ƙungiya ta ƙasar waje mai suna SIL ce ta yi shi. Mun gode musu. Amma 'yan kimiyyar kwamfutarmu fa, da suke ta maimaita furojet ɗin rajistar ɗalibai shekara da shekaru? Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Saboda haka ga abin da nake roƙon shugabannin ƙungiyarmu, kuma ba ya buƙatar sa hannun gwamna.

A makon ɗalibai na bana a ware aji ɗaya na kwana biyu don tawada. A gayyato marubuta da masu zayyana daga Wurno da Rabah da Goronyo, da yawansu ma yanzu suna cikin garin Sakkwato saboda halin da ake ciki. A biya su kuɗin mota da na aikinsu kamar yadda ake biyan mai kiɗa da mai ɗaukar hoto, kada a sallame su da "Allah Ya saka". Kaɗan daga abin da ake kashewa a daren liyafa ya isa. Su haɗa tawada a gabanmu, su fere alƙalami, su bar mu mu gwada mu ji kunya.

A gefe guda a buɗe gasa ga ɗalibai: tawada da takarda kawai, a zana wani abu na garinku wanda ba shi da rai, ko a rubuta karin magana da ajami. Wanda ya ci a sa aikinsa a bangon mujallar nan.

Sannan mu roƙi malamanmu su karɓi wannan a matsayin furojet. Ɗan kimiyya ya gwada haɗe-haɗen tawada ya ga wanne ya fi jure rana da laima. Ɗan kwamfuta ya mai da hannun wani alaramma salon rubutu, da izininsa kuma da sunansa a kai. Ɗan kasuwanci ya lissafa nawa allon zayyana ke ci da nawa za a iya sayar da shi. Duk wanda zai je gida hutu kuma, in hanya ta yi kyau, ya nemi izinin dattawa ya ɗauki hoton takardun gidansu shafi bayan shafi da wayarsa, ya rubuta na wane ne da inda suke. Hukumar tarihi ta Waziri Junaidu tana nan cikin gari tana adana irin waɗannan takardu, za mu iya zuwa mu nemi shawararsu kan yadda ake yi ba tare da an lalata ba.

Qi Baishi ya yi shekara hamsin da wani abu ana ce masa kafinta kafin mutanen birni su tsaya su dubi takardarsa da kyau. Abokin ɗakina shekararsa ashirin da 'yan kai, yana karanta injiniyanci, kuma hannunsa bai fara rawa ba tukuna. Na ce masa in aka yi baje kolin nan zai kawo takardunsa? Ya yi shiru, sannan ya ce, "In wani ya fara kawo nashi." Na tabbata a kowane ɗakin kwana na makarantar nan, na maza da na mata, akwai irinsa, kowa yana jiran wani ya fara.

To ni na yi alkawari zan kawo nawa allon, duk da rubutuna kamar kaza ta yi tonon ƙasa. In kun gama dariya, sai ku fito da naku.

Allah Ya zaunar mana da yankinmu lafiya, Ya ba mu sa'ar jarrabawa.